Kwamfutar Marigayi Ta Ƙi Tashi

Sufeto Ɗalha bai shiga gidan Inna Rahamatu da niyyar bincike ba, maƙwabtaka ce ta kai shi. Kowa a unguwarsu a Gwandu ya san ya taɓa aiki a sashen adana bayanai na 'yan sanda a Birnin Kebbi, ya iya taɓa kwamfuta. Don haka da ta gidan ta ƙi tashi, shi aka aika wa. Bai daɗe a gabanta ba ya gane cewa sata aka yi.

Kwamfutar ta marigayi Muzzammil ce, autan Inna, mai ɗaukar hoto da bidiyon biki da suna, wanda kwalekwale ya kife da shi a fadamar Diggi da daminar da ta wuce. Duk abin da ya ɗauka yana cikinta: bukukuwan mutane, nasa auren, ranar da 'yarsa Jidda ta fara tafiya. Bayan rasuwarsa aka ɗauko ta daga shago aka girke a ɗakin Inna. Kullum da la'asar matarsa Juwairiyya takan kunna, tsohuwar ta zauna ta kalli ɗanta yana magana yana dariya. Da na'urar ta fara nauyi, bidiyo yana tsayawa a tsakiya, Juwairiyya ta aika da ita Kalgo wurin Lawal mai gyara, abokin marigayin, ya ƙara mata ƙwaƙwalwa, abin nan da masu gyara ke kira ram. Ranar Juma'a ta dawo. Ranar Asabar da hantsi aka kira Ɗalha.

"Tun da ta dawo, Yallaɓai, sai dai ta yi kuka ta yi shiru," in ji Juwairiyya. "Ƙwaƙwalwar nan da aka ƙara ce ta lalata ta."

Salihu, yayan marigayin, yana tsaye a bakin ƙofa. Shi ke kula da wani injin casar shinkafa a Kalgo, sai ƙarshen mako yake zuwa gida. Ya ce, "Na gaya musu su yi haƙuri, Yallaɓai. Faifan ajiyarta ne ya mutu. Tsufa ne."

"Bari mu gani," in ji Ɗalha.

Ya danna maɓalli. Fanka ta juya, na'urar ta yi wani ɗan kuka sau uku, allo kuwa baƙi ƙirin. Ya zare wayar wuta ya mayar, ya sauya wayar allon da wata. Duk ɗaya. Sai ya kashe wuta ya cire murfin gefe. Ciki fes, an hure ƙura kaf. Sabuwar ƙwaƙwalwar tana zaune kusa da tsohuwar, amma maƙallin da ke riƙe gefenta ɗaya a buɗe yake, gefen ya ɗaga. Ya sa babban yatsa ya danna har ta ce ƙas. Ya sake kunnawa.

Allo ya kawo haske. Inna ta gyara zama a kan tabarma ta ce, "Alhamdu lillahi."

Amma maimakon hoton da ta saba gani, sai wani farin rubutu ya fito a kan baƙi. Na'urar tana cewa ba ta ga faifan da za ta tashi da shi ba. Ɗalha ya kara kunne a jikin faifan ajiya, wato inda hotuna da bidiyo ke zama. Ba ya ko motsi. Ya haska shi da fitilar waya. Tsohon faifai ne, ɗan ƙarami a wajen ɗaukar kaya, wanda ko bikin gida ɗaya ba zai riƙe ba. Wata farar ƙura mai laushi ta cika lungunansa, alhali duk sauran kayan cikin suna ƙyalli. Sukurori biyu ne ke riƙe da shi a wurin huɗu, kan ɗaya a cinye, kamar da bakin wuƙa aka murɗa shi.

"Juwairiyya, kin taɓa ganin faifan marigayi?"

"Na gani ranar da ya sawo shi Sakkwato. Babba ne, mai baƙar takarda a bayansa. Ya ce zai ɗauke duk bukukuwan Gwandu."

"Wannan ba shi ba ne. An cire nasa an sa matacce."

Inna ta dube shi, ta dubi allon. Ta ce a hankali, "To, yaron nawa yana ina?"

Ɗalha ya daɗe yana aikin ɗan sanda, ya sha kai wa mutane labarin mutuwa, amma wannan tambayar ta fi masa duka nauyi. Salihu ya juya ya fita tsakar gida. Juwairiyya ta share ido da gefen hijabi ta ce ita dai ta kawo ƙara, a nemo mata faifan mijinta.

Kafin azahar magana ta karaɗe dangi. Wasu suka ce Lawal ne, wasu kuma suka fara raɗa cewa ai Juwairiyya ta gama takaba, tana shirin komawa gidan iyayenta a Ceberu, ƙila ita ta ɓoye abin don ta tafi da shi. Ɗalha bai ji daɗin yi mata tambayar ba, amma ya yi.

"Wa ya karɓi kwalin da ya iso?"

"Ni."

"A ina kika buɗe?"

"Gaban Inna. Ita ce ma ta ba ni reza."

"Daga nan kwamfutar ta fita ɗakin?"

"Ina za ta? Inna ko barci ba ta yi sai tana ganinta." Ta ɗago kai. "Na ji abin da ake faɗi, Yallaɓai. In da ni na ɗauka, da na aika maka? Jidda ba ta san ubanta ba sai a nan. Ni ko kwafi ɗaya ba ni da shi."

Inna ta tabbatar da maganarta. Ɗalha ya sa aka kawo kwalin. An fara rufe shi da jan salatif, sannan wani ya yanka salatif ɗin da tsafta, ya sake ɗaure kwalin da farin zare mai kauri. Juwairiyya ta ce zaren kawai ta yanka, ta ɗauka haka aka yo shi. Ɗalha ya naɗe guntun zaren ya sa a aljihu, ya cire mataccen faifan da sukurorinsa ya sa a leda.

Ranar Litinin ya bi ta Birnin Kebbi ya sauka Kalgo. Ya leƙa ofishin 'yan sandan garin ya shaida musu abin da ya kawo shi, sannan ya nufi shagon Lawal da ke bakin titi. Shagon a buɗe yake amma ba kowa. Kantocin da ake jera kayan gyara rabinsu wayam. Lawal yana zaune a benci, idanunsa jawur.

"Labari ya riga ka zuwa, Yallaɓai. Ɗalibai sun zo sun kwashe kayansu. Jiya a masallaci wani ya ce da ni ɓarawon kayan mamaci. Ni da na shiga ruwa neman gawarsa."

"Gaya mini abin da ka yi wa kwamfutar, daga farko."

"Na buɗe, na hure ƙura. Na duba irin ƙwaƙwalwar da take ɗauka, na sa mata daidai ita. Na kunna, ta tashi lafiya. Na bar ta tana aiki tun safe don in tabbatar."

"Wa ya gani?"

Lawal ya ciro waya ya nuna masa ɗan bidiyon da ya ɗauka don ya tura wa Juwairiyya, bai samu ya tura ba saboda kuɗin wayarsa sun ƙare. Ga kwamfutar a buɗe a kan tebur tana aiki, ga Muzzammil a allo yana ɗaga Jidda sama. A gefen hoton ana ganin faifai mai baƙar takarda a mazauninsa. Safiyar Juma'a aka ɗauka.

"Wannan ya nuna faifan yana nan da safe," in ji Ɗalha. "Bai nuna yana nan lokacin da ka rufe kwali ba."

"Haka ne," in ji Lawal. Bai yi gardama ba.

"Kawo kayan aikinka."

Ya buɗe masa akwati. Sukudireba kala-kala, kowace da girmanta. Ɗalha ya gwada ɗaya a kan sukurun da ya zo da shi, ta zauna daram. Mai wannan akwatin ba zai ɗauki wuƙa ba.

"Kana da matattun faifai?"

Lawal ya janyo wani kwali daga ƙarƙashin tebur. Ɗalha ya shafa su ɗaya bayan ɗaya. Jar ƙura ce a jikinsu, irin ta bakin titi. Ya fito da nasa daga leda ya miƙa masa.

"Ka san wannan?"

Lawal ya juya shi. "Ba nawa ba ne. Wannan ai tun zamanin da. Kuma in da ni ne, Yallaɓai, ba zan bar ƙwaƙwalwa a ɗage ba. Aikina ne za a zaga."

"Hanya ba za ta iya ɗage ta ba? Akwai ramuka."

"Maƙallin nan ba ya buɗewa da kansa. Sai an taɓa shi. Yana dab da inda ake zaro faifai, wanda bai saba ba hannunsa na iya bugunsa bai sani ba."

"Da me ka rufe kwali?"

"Jan salatif. Ga ragowarsa."

"Zare fa?"

"Wane zare?"

"Wa ka ba?"

"Ɗanjuma direba. Shi ke kai musu saƙo Gwandu."

Ɗalha ya miƙe. Lawal ya bi shi da ido ya ce, "Ko ba a wanke ni ba, a samo faifan. Ni ma akwai muryarsa da nake son in sake ji."

A tasha ya iske Ɗanjuma yana jiran layi, dattijo mai furfura a gemu, yana cin rogo da ƙuli a inuwar motarsa. Da ya ji abin da ake tambaya sai ya ajiye ledar.

"Wallahi yadda aka ba ni haka na kai."

"Daga shagon Lawal ka wuce Gwandu kai tsaye?"

"Kai tsaye."

"Ba ka tsaya ko'ina ba?"

"Ba ni da inda na tsaya."

Ɗalha ya ciro zaren ya ɗora masa a tafin hannu. "Wannan a motarka yake?"

Ɗanjuma ya murza shi. "Wanga ai zaren ɗinkin buhu ne. Na injin shinkafa." Sai ya dafe kai. "Af! Na tsaya inji. Ban ɗauke shi tsayawa ba ne, Yallaɓai, don duk Juma'a nakan biya in ɗauki shinkafar Inna wurin Malam Salihu. Gida ne."

"Kwalin yana mota lokacin?"

"A'a. Malam Salihu ya ce kada buhu ya danne shi, a kai ofishinsa. Lokacin salla ya yi, na tafi masallacin Juma'a."

"Tare da shi?"

"Ya ce in yi gaba, yana tafe."

"Ka gan shi a masallaci?"

"Mutane da yawa, ban lura ba."

"Da ka dawo?"

"Na tarar an loda shinkafa, kwali yana kujerar gaba a ɗaure tamau. Har na yaba masa."

Ɗalha ya yi masa godiya. Bai ji daɗin da mai bincike ke ji idan hanya ta buɗe ba. Ya tsaya a bakin tasha ya daɗe, yana tuna ranar jana'iza, yadda Salihu ya shiga kabari ya karɓi ƙanensa, aka yi ta fama da shi kafin ya fito.

Injin yana bayan gari. Tun daga nesa ake jin rugugin sa. Ƙurar dusar shinkafa ta rufe komai, bango da taga da girar ma'aikata, fara mai laushi. Ofishin Salihu ɗan ɗaki ne a gefe. Da ya ga Ɗalha ya miƙe da sauri ya ba shi kujera.

"Yallaɓai, lafiya?"

"Lafiya. Rufe ƙofa, Salihu, ƙarar ta yi yawa."

Ya rufe. Ɗalha bai zauna ba. Ya sunkuya ya ɗaga wani tsohon buhu da aka lulluɓe wani abu da shi a ƙarƙashin tebur. Tsohuwar kwamfuta ce, murfinta a jingine. Mazaunin faifanta wayam, wayoyinsa biyu suna reto. Inda faifan ya zauna ya bar tsaftataccen gurbi a cikin ƙura. Ɗalha ya ciro na cikin leda ya ɗora a gurbin. Ya zauna cif.

"Yaushe wannan ta mutu?"

Salihu ya ce, "Ta daɗe."

"Zauna, in gaya maka abin da na gani, ka gyara mini inda na yi kuskure."

Salihu ya zauna a bakin tebur.

"Ɓarawon da ke neman abin sayarwa, sabuwar ƙwaƙwalwar zai zare, ita ce mai saurin shiga kasuwa. An bar ta. Kuma ɓarawo ba ya wahalar sa wani faifai a madadin wanda ya ɗauka. Wanda ya yi haka so yake a buɗe a ga faifai yana nan, a ce ya mutu ne don kansa, a yi haƙuri. Lawal ya hure cikin kwamfutar fes, amma wannan faifan cike yake da ƙurar dusa. Ba a shagonsa ya kwana ba. An murɗa sukuru da wuƙa, shi kuwa yana da kayan aiki cike da akwati. Ya rufe kwali da salatif, ya isa Gwandu ɗaure da zaren buhu. Tsakanin shagonsa da ɗakin Inna wuri ɗaya kwalin ya sauka, nan ɗakin."

Salihu ya dubi gurbin da faifan ya zauna.

"Abu ɗaya ne ya ɓata maka. Wajen zaro faifan hannunka ya bugi maƙallin ƙwaƙwalwa, ba ka sani ba. Sai kwamfutar ta ƙi tashi gaba ɗaya, kowa ya ɗora laifi a kan aikin Lawal. Ranar Asabar duk gidan ƙwaƙwalwa ake zargi, allo bai nuna komai ba, ni kaina ban cire murfi ba. Kai kaɗai ka ce faifai ne ya mutu. Ina ka san haka?"

Rugugin inji ya ci gaba a waje. Salihu ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

"Ni na aike shi Diggi, Yallaɓai."

"Na sani. Kowa ya sani."

"Masu injin suna son hotunan gonakin da muke sayen shinkafa. Ya ce ruwa ya cika, a bari ya janye. Na ce sauri ake. Na yi masa faɗa, na ce raggo ne." Ya murza hular. "Ana gobe zai tafi ya sayi sabuwar kyamara, ya girke ta a tsakar gida yana gwadawa. Shi ne bidiyo na ƙarshe. A ciki yana cewa, ‘Yaya ya matsa sai na tafi Diggi, ni kuwa raina bai so ba.' Shi Inna ta fi son kallo. Kullum shi. Duk ranar da na je gida, ina shiga zaure shi nake ji. Da ya kai wurin nan sai in tashi in bar gidan. Ba ta taɓa ce mini komai ba. Da ma ta zage ni, da ya fi mini. Sai dai ta kunna, ta kunna."

"Sai ka ɗauke."

"Na ce wa kaina don ita nake yi. Ta rame, ba ta cin abinci, sai kallo. Amma don kaina na yi."

"Da ka ji ana kiran Lawal ɓarawo fa?"

Salihu ya rufe fuska da hular. Kafaɗunsa suka fara rawa. Ɗalha ya bar shi har ya lafa.

"Ina faifan?"

Ya buɗe aljihun tebur ya ciro wani abu naɗe cikin tsohuwar riga. "Na kai shi bakin gulbi ranar Lahadi. Na kasa jefawa. Ruwa ya ci ƙanena sau ɗaya, ba zan sake ba shi ba." Ya miƙa da hannu biyu. "Amma lokacin da nake cirewa ina sauri, ya suɓuce mini ya faɗi a siminti."

Ɗalha ya duba. Kusurwa ɗaya ta lotsa.

Tare suka koma shagon Lawal. A bakin ƙofa, gaban masu shagunan da ke kusa, Salihu ya ɗaga murya ya ce shi ya ɗauki faifan, Lawal ba shi da laifi, ya roƙe shi gafara. Lawal ya miƙa hannu. Ya karɓi faifan, ya haɗa shi da wata kwamfuta, ya kunna. Su ukun suka sunkuya. Faifan ya fara juyawa, sai ya yi ƙas, ƙas, ƙas, ya tsaya. Lawal ya sauya waya ya sake gwadawa. Haka dai. Ya kashe da sauri.

"Allurar da ke karantawa ta taɓa fuskar faifan. Duk kunnawar da aka ƙara, ƙara goge shi ake yi. Akwai masu buɗe irinsa a Legas. Wani lokaci a samu wani abu, wani lokaci ba a samu. Ba zan yi wa Inna alkawari ba." Ya naɗe shi a hankali cikin rigar. Sai a lokacin ya dubi Salihu. "Na yafe maka nawa. Sauran ba nawa ba ne."

Da yamma suka iso Gwandu. Ɗalha ya so ya fara shiga shi kaɗai, Salihu ya ce a'a. Suka tarar da Inna a inda take zama, kwamfutar a gabanta a rufe da zane. Juwairiyya tana gefe, Jidda tana barci a cinyarta. Salihu ya durƙusa a bakin tabarma ya faɗi komai da bakinsa, bai rage ba. Juwairiyya ta yi kuka mara sauti. Da Ɗalha ya tambaye ta ko tana son a ci gaba da ƙarar, ta girgiza kai.

"In an kulle shi, wa ya rage wa Inna? Amma kada ya ce in yafe yau. Ba zan iya ba."

Inna ta gyara zama. A iya zaman Ɗalha a unguwar bai taɓa jin ta kama sunan Salihu ba, ko ta dube shi ido da ido, saboda kunyar ɗan fari. Yanzu ma bango take kallo.

"Kana tsammani don in tuna maka nike kunnawa?"

Salihu ya sunkuyar da kai.

"Ka taɓa zama ka gan shi har ƙarshe?"

"A'a, Inna."

"Na lura. Da ya kai wurin nan sai in ji takunka ka fita. In ce gobe zai zauna. Ni kuwa bakina ba ya iya kiranka." Ta gyara mayafinta. "Bayan ya faɗi wanga magana, shiru ya yi, sai ya fashe da dariya. Ya matso kusa har fuskarsa ta cika allo. Ya ce, ‘Wasa nike. Wa gare ni in ba Yaya ba? Shi ya saya mini kyamarar farko. Kada dai ku gaya mishi, kansa zai kumbura.' Sai aka ji muryarka daga zaure kana kiransa ku tafi masallaci. Ya ce, ‘Ga shi nan, ya ji ana gulmarsa.' Ka shigo ka tsaya bayansa, ka ja masa kunne. Ku biyu kuna dariya." Muryarta ta karye. "Nan ne kaɗai nike ganin 'ya'yana biyu wuri ɗaya. Shi nike jira kullum."

Salihu ya kifa goshinsa a kan tabarma. Kukan da ya fito daga ƙirjinsa ya tashi Jidda daga barci, ta fara waige-waige. Ɗalha ya kau da kai ya dubi ƙofa.

"Ban tuna ba, Inna," in ji Salihu cikin kuka. "Wallahi ban ma tuna na shigo ba."

Tsohuwar ta miƙa hannu, ta yi jinkiri, sannan ta ɗora shi a kan ƙeyarsa.

"Ni na tuna. Na haddace shi kaf, har inda ya yi tari. Tashi zaune, Salihu. Tashi in faɗa maka tun daga farko."

Ɗalha ya ɗauki takalmansa a hannu ya fita a hankali. Yana ratsa tsakar gida yana jin muryar Inna a bayansa, tana kwaikwayon yadda autanta ke yin sallama.